Dami Uku na Gayaunar Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A wani ƙauye an yi wani maigida mai suna Cindo, mai ƙaton gandu. Burinsa ɗaya ne, ya noma dami dubu a naɗa shi Sarkin Noma. Yana da bara, Nomau, wanda ke ciyar da tsohuwarsa makauniya. Al'adar garin kuwa, bara ya yi kwana shida a gandun maigida, ranar Juma'a ya noma gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa don cikinsa.

Ruwan shuka ya sauka ranar Juma'a. Nomau ya saɓa sungumi zai tafi gayauna, sai Cindo ya ce, "Kai, zo mu gama gandu. Juma'a mai zuwa taka ce."

Nomau ya ce, "To, maigida."

Lokacin noman fari, haka. Lokacin maimai ma haka. Ku ji rashin imani! Gero a gandu ya kai kafaɗa, na gayauna ciyawa ta shaƙe shi.

Ran da Nomau ya samu kansa, ya shiga gayauna da fartanya, ransa a ɓace. Sai ya tarar da zabuwa kwance kan ƙwai cikin ciyawa.

Zabuwa ta ce, "Bawan Allah, kada ka nome nan."

Nomau ya ce, "Na san zafin a ƙwace wa mutum nasa. Yi kwanciyarki." Ya kewaye wurin.

Da ta ƙyanƙyashe, sai ita da 'ya'yanta suka riƙa tone ciyawa suna tsince ƙwari. Kaka ta yi, Nomau ya ɗaure dami uku, zabuwa ta soka gashinta a kowanne. Tsohuwarsa ta shafa su ta ce, "Alhamdu lillahi, bana ba ma roƙo."

Shi kuwa Cindo ya tara nasa, dubu ba uku. Sai ya aika aka kwaso na gayauna.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Maigida, abincin tsohuwata ne."

Cindo ya ce, "Da kai da gayaunar duk nawa ne. Tashi ka ba ni wuri!"

Ranar biki gari ya taru, makaɗa na ta wasa Cindo. Dattawa suka ɗauko rawani. Sai ga zabuwa ta sauka kan tarin damman ta ce, "Uku na Nomau ne!"

Aka kore ta. Ta dawo ta ce, "Uku na Nomau ne!"

Cindo ya jefe ta da takalmi. Ta sake dawowa ta ce, "Ku duba ƙasan tarin, masu gashina a soke su ne nasa!"

Aka duba, sai ga dami uku, kowanne da gashin zabuwa. Babban dattijo ya ninke rawanin ya ajiye, ya ce, "Cindo, da hatsin makauniya za ka cika dubu? Tir da halinka!"

Makaɗa suka rataya gangunansu. Nomau ya kwashe dammansa, ya ja hannun tsohuwarsa, suka koma wani gida. Labari ya bazu, babu baran da ya sake yarda ya zauna da Cindo. Da damina ta zagayo, shi kaɗai ya tsaya a ƙaton gandun da fartanya ɗaya, ciyawa har wuyansa.

Saboda haka, duk mai bara ya bar masa ranarsa, don da hannun baran nan rumbunsa ke cika.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta ƙare, zabuwa ta yi daji da 'ya'yanta.