Mai Rumbun Citta da Takardar Shaida

Akwai wani mutum a wani gari na manoman citta, can kudancin Kaduna, shi ne mai kula da rumbun ƙungiyar manoma. In an haƙo citta, an tsaga, an shanya ta bushe, wurinsa ake kawowa. Shi zai duba, ya ɗura a buhu, ya nemo masu saye. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Yana da digirinsa na jami'a, amma ransa na kan wata babbar makaranta a birni inda ake koyar da harkar kasuwanci a digiri na biyu, gama ya gaji da ganin baƙi suna kwashe cittar garinsu su sarrafa ta can, manoma kuwa a bar su da gumi. Ƙungiya ta yarda ta sake shi ya tafi karatu, amma bana kaɗai, domin baɗi za a buɗe sabon rumbu, ba kuwa wanda zai riƙe shi sai shi.

Makarantar nan abu uku take nema. A ci jarrabawar shiga, a kawo takardar shaida daga wanda ya ga aikin mutum da idonsa, sa'an nan a zo ganawa da malamai.

Jarrabawa dai mutumin nan bai yi wasa da ita ba. Wata takwas, kowace safiya kafin a buɗe rumbu, yana zaune a kan buhu da littafin lissafi da agogo a gefe, yana gwada kansa da tsofaffin tambayoyi. Lissafin da ya manta tun yana saurayi ya tono shi. Har abokansa suka sa masa suna ɗan firamare. Da sakamako ya fito, sai ga shi cikin na gaba-gaba, matarsa Tabita ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Saura takardar shaida. Tabita ta ce, "Baban Murna, ai wannan ba abin wahala ba ne. Ka je wurin Baba Zakka."

Baba Zakka shi ne shugaban ƙungiyar, tsohon manomi wanda karatunsa bai wuce aji bakwai na firamare ba. In yana rubutu sai ya danne biro kamar mai huɗa. Shi ya ɗauki mutumin nan aiki, kullum kuma yana rumbu yana ganin shigarsa da fitarsa.

Amma akwai abin da mutumin yake tsoro. A cikin fom ɗin an rubuta cewa mai shaida ya faɗi wani lokaci da mai neman gurbi ya yi kuskure, da abin da ya yi bayan haka. Shi kuwa yana da nasa. A shekararsa ta uku, mai saye ya matsa masa, ya yi gaggawa ya ɗura citta a buhu ba ta gama bushewa ba. Buhu arba'in suka yi funfuna, wahalar gidaje tara ta lalace. Baba Zakka ne ya fara kwance bakin buhun ya ji warin. Tsohon kuma ba ya iya ƙarya, ko ta wasa.

Sai ya ce wa matarsa, "Makarantar manya ce. In suka ga sunan manomi da wannan rubutu nasa, dariya za su yi. A ƙasar nan, takarda sai da babban suna a ƙasanta."

Ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti, ya ɗauki galan na zuma, ya shiga mota zuwa birni, gidan wani tsohon kwamishina ɗan yankinsu. Kwana biyu yana zaman benci a ƙofar gida tare da masu neman aiki da masu neman taimakon asibiti. A rana ta uku aka shigar da shi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu.

Babban mutum ya ce, "Madalla, madalla. Yaranmu suna ƙoƙari. Je ka rubuta abin da kake so, ka kawo in sa hannu."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya je ya zauna ya yabi kansa son ransa. Wurin da aka tambayi kuskure, ya rubuta cewa laifinsa ɗaya ne, yawan son aiki. Aka sa hannu, aka buga hatimi, aka aika. Ya komo gida yana jin ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga aji. Da Baba Zakka ya tambaye shi labarin makaranta, sai ya ce komai na tafiya daidai, ya juya zancen zuwa ruwan sama.

Ranar ganawa ta zo. Malamai uku suna zaune, ta tsakiyarsu wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta yaba sakamakon jarrabawarsa, ta ce ba kasafai suke ganin irinsa ba. Sa'an nan ta ɗaga takardar nan mai hatimi.

"Malam, al'adarmu ce mu buga waya ga duk wanda ya yi shaida. Mun kira wannan bawan Allah. Ya ce mu tuna masa wane ne kai. Muka faɗi sunanka, ya tambaya ko kai ne mai gidan mai."

 

Ta ce, ba da faɗa ba, "Shekara goma sha ɗaya kana aiki. Ba ko mutum ɗaya da ya gan ka kana yinsa?"

Ya ce akwai. Ta ce ai da shaidarsa ya kawo tun farko, gama yanzu an riga an rufe karɓar takardu. Suka sallame shi da mutunci, gurbin kuwa aka ba wani.

Da ya komo gari, bai iya shiga rumbu ba sai da ya kwana biyu. A rana ta uku ya tafi gonar Baba Zakka, ya same shi yana tsaga citta a gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya faɗa masa duka, bai rage kome ba. Tsohon ya goge hannu a riga, ya laluba aljihu, ya fito da wata takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, ta yi laushi don ninki.

"Tun ranar da Tabita ta gaya wa matata ana neman shaida na rubuta. Kwana huɗu na yi a kanta. Kullum tana aljihuna, ina jira ka tambaya, ɗana."

Mutumin ya buɗe. Ga labarin buhu arba'in ɗin nan, ba a ɓoye ba. Amma a ƙasansa tsohon ya rubuta yadda mai rumbu ya bi gidaje taran nan ɗaya ɗaya da ƙafarsa, ya ce laifinsa ne, bai ɗora wa mai saye ko damina ba. Ya rubuta yadda ya kafa gadajen shanya da hannunsa, ya kuma kafa doka cewa ba buhun da za a ɗinke sai an karya citta an ji ƙararta. Shekara takwas ke nan ko buhu ɗaya bai sake lalacewa ba. Layin ƙarshe ya ce, "Ni Zakka na ga wannan da idona."

Ya karanta har sau biyu, hawaye na zuba. Abin da makaranta take nema ke nan, kalma da kalma, yana aljihun mutumin da yake gaisarwa kowace safiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: jarrabawar nan ita ce ƙoƙarinmu, zuwa sujada, waƙa a ƙungiyar mawaƙa, haddace ayoyi. Abu ne mai kyau, kada a bari. Amma ba ya shigar da mutum shi kaɗai. Tsohon kwamishina shi ne duk abin da muke fakewa a bayansa don a gan mu da girma: sunan iyali, muƙami a ikilisiya, sanin manyan fastoci, da yabon da muke rubuta wa kanmu mu nemi wani ya sa hannu. Baba Zakka kuwa misalin Ubangijinmu Yesu ne. Muna guje masa don ya san buhunanmu da suka ruɓe, ya san ranar, ya ji warin. Mun manta cewa wanda ya san faɗuwarmu shi ne kaɗai ya ga tubanmu, shi ne kuma kaɗai shaidarsa za ta tsaya a gaban Uba.

Ku ɗalibai da kuke cika fom a wannan shekara, ku je wurin wanda ya san ku, ko da rubutunsa karkatacce ne. Mu duka kuma, manya da yara, akwai ranar ganawa da ke jiranmu, ranar da za a rufe karɓar takardu. Mutumin nan karatu ya rasa, abin da zafi, amma namu ya fi karatu. Yau ƙofa tana buɗe. Kada ka bari sai ran nan a tambayi wanda ka dogara gare shi, ya ce a tuna masa sunanka, alhali Mai Cetonka yana kusa da kai shekara da shekaru, yana jira ka tambaya.