Wayar da Shagufta Ta Kulle a Akwati

A wani lungu na tsohon garin Multan an yi wata mata mai suna Shagufta, matar Ishfak mai sayar da yadi. Tana da tsabta, tana da iya girki, amma tana da ƙyashin a taɓa kayanta. A lungun nan kaf gidanta kaɗai ke da tarho. Saboda haka maƙwabta lambarta suke bai wa 'yan uwansu na nesa, in an kira a leƙa a yi musu magana. Haka ake yi a kowace unguwa, ba wanda ke ɗaukar wannan a bakin alfarma.

Wata rana Ishfak ya cire tsohuwar wayar, ya kawo sabuwa marar igiya. Wayar tana da kyau. Ana ji da ita tangaran a madafa da saman soro, har tsakar gidan maƙwabta tana kaiwa, sai a gida na uku take fara shuu. Sharaɗinta ɗaya ne, in an gama a mayar da ita kan mazauninta ta sha caji. Kuma ƙararrawar a jikin ta hannun take, mazaunin ba ya ƙara.

Aikin ya zo da sauƙi, don yanzu miƙa ta kawai ake yi ta kan katanga. Wadda ta fi amfana ita ce Mumtaz Bibi, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ɗanta ke aikin gini a Maskat. Wata Juma'a kiran ya same ta tana kwaɓa fulawar gurasa. Ta karɓa da hannu haka nan, ta yi kukanta ta yi dariyarta, ta mayar da wayar duk farin gari a jiki.

Shagufta ta riƙe ta da yatsu biyu, ta kira tsohuwar yadda ake kiran inna a can, ta ce, “Khala, waya na ba ki ko muciya?”

Tsohuwar ta yi dariya ta ce, “'Yar nan, goge ta da mayafinki mana, ai ba amarya ba ce.”

Shagufta ba ta yi dariya ba. Washegari Ishfak ya tafi Faisalabad saro kaya na mako guda. Yana fita ta naɗe wayar a tsumma, ta tura ta ƙarƙashin bargunan sanyi cikin babban akwatin ƙarfe, ta rufe. Duk wanda ya zo tambaya sai ta ce layi ya lalace. Mumtaz Bibi ta zo sau biyu, har ta yi tayin za ta sa a kai ƙara ofishin waya. Shagufta ta ce kada ta wahalar da kanta. Gidan ya yi tsit, ta ji daɗinsa.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne, ita ma tana da nata mutanen. A ƙauyensu kusa da Khanewal mahaifiyarta ta faɗi, rabin jikinta ya shanye. Ƙanenta Tanwir ya yi ta zuwa shagon waya na bakin titi yana kira. A kunnensa wayar tana ƙara, ba a ɗauka. A Multan kuwa tana cikin ƙarfe da barguna, batirin ma ya mutu tun a rana ta biyu.

Ranar Talata da hantsi Tanwir ya samo lambar mai kantin magani na bakin lungun. Mai kantin ya san maigida ba ya nan, ba zai je ƙofar matar aure ba, sai ya faɗa wa Mumtaz Bibi. Tsohuwar ta shigo ba ko sallama, mayafinta a karkace. Ta faɗa wa Shagufta mahaifiyarta ta rasu da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar. Ita ta haɗa mata kaya, ita ta tsayar da mota, kuma ta bi ta duk da ciwon gwiwarta.

Sun isa maza na dawowa daga maƙabarta. Shagufta ba ta ga fuskar uwarta ba, ba ta zuba mata ruwan wanka ba, alhali ita ce babbar 'ya. Matar Tanwir da wata maƙwabciya ne suka yi.

Tana zaune cikin mata masu karatu Tanwir ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ta yadda ƙani ke kiran yayarsa a can, ya ce, “Baji, kwana uku ina kira. Ina kika je?”

Ta ce tana gida.

“To wayar fa?”

Ta kalli Mumtaz Bibi. Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ƙaryar da Shagufta ta yi wa lungu guda ta ƙi fitowa a gaban wannan matar. Ta ce, “Tana cikin akwati. Ni na kulle ta.”

Masu karatu suka ɗago kai. Tanwir ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Kullum Ammi sai ta tambaya ko kin ɗauka. Da na gaji sai na ce mata kina hanya. Daga nan ta hana a juya ta wajen bango, wai kada ki shigo ta ba ki baya.”

Shagufta ta ja mayafi ta rufe fuska. Har aka yi kwana arba'in ba ta iya haɗa ido da ƙanenta ba.

Darasin nan a bayyane yake. Abin da Allah ya hore maka wanda jama'a ke amfana da shi, ba naka ba ne kai kaɗai. In ka toshe hanya don kada alheri ya kai ga maƙwabci, ka sani ta nan naka saƙon zai biyo. Garin fulawa tsumma ke goge shi, amma akwai abin da in ya wuce kuka ba ya dawo da shi. Kuma waya marar igiya, a kan mazauninta ake ajiye ta.