Shekarar da Hambali Ya Maimaita

An yi wani mutum a wani gari can baya, wani bawan Allah ana ce masa Hambali. Ba sai na kama sunan garin ba, don ba garin ne abin lura ba. Na baya ku matso, ku saurara.

Hambali ɗan manomin rake ne. Mahaifinsa, Malam Sambo, yana da 'yar fadama a bakin rafi, ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Yaro ya tashi da ƙarfin jiki da sanyin hali, irin wanda ko sau nawa ka aike shi ba za ka ga ya ɓata fuska ba. Da ya gama sakandare sai Allah ya tarfa wa garinsa nono, aka ɗauke shi makarantar horar da hafsoshin soja. A garin nan ba a taɓa samun wanda ya shiga ba. Ranar tafiyarsa har tashar mota aka raka shi, dattawa na sa albarka, mata na cusa masa ƙuli-ƙuli da dakuwa a jaka.

To, makarantar nan aiki biyu ake yi a cikinta: akwai na fili, akwai na aji. A fili Hambali ba shi da na biyu. Fareti, gudu da kaya a baya, harbi, hawan igiya, duk yana gaba. Amma in aka shiga aji aka buɗe lissafi da karatun taswira, wato sanin ƙasa da hanya daga zanen takarda, sai ka ga zufa tana keto masa. Ba lalaci ba ne. Makarantar da ya fito malamin lissafi ɗaya gare ta, shi ma rabin shekara ba ya nan. Ya yi ta ja da kyar, ya yi ta ja da kyar, har aka zo jarrabawar ƙarshen shekara ta biyu. Ya faɗi.

Hafsan da ke kula da ajinsu ya kira shi ofis, ya ce, "Hambali, a fili ba mu da kamarka, amma a aji ka faɗi. Doka ta ba ka zaɓi biyu. Ko ka ajiye kaki ka koma gida, ko ka dawo bayan hutu ka maimaita shekarar tare da 'yan ajin da ke bayanka. In ka sake faɗuwa, kora ce."

Ku tsaya in gaya muku nauyin wannan magana. A makarantar soja, wanda ya fi ka da aji ɗaya ubangidanka ne. In ya doso sai ka ƙame ka sara masa. In ya ce ka kwanta a taɓo sai ka kwanta. Ke nan abokan da kuke ci kwano ɗaya da su jiya, gobe su ne "yallaɓai". Su kuma yaran da kake ba umarni, ka zama ɗayansu. Shi ya sa da yawa in aka mayar da su baya sukan zaɓi su tattara kayansu.

Hambali ya ce, "Yallaɓai, ashe akwai damar dawowa?"

Hafsan ya ce, "Akwai."

Ya ce, "To na gode wa Allah, kuma na gode muku."

Hafsan ya dube shi, ya zaci bai gane ba. Ya ce, "Ka fahimci abin da na ce? Baya aka mayar da kai."

Ya ce, "Na fahimta, yallaɓai. Na shigo nan ne ina zaton sallamata za a yi."

Kada ku ɗauka abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma ciwo daban, butulci daban. Yana jin ciwon, yana kuma ganin ƙofar da Allah ya bar masa a buɗe.

Da ya isa gida, a zaure ya tarar da mahaifinsa da ƙanin mahaifin, Baffa Barau. Bayan gaisuwa ya faɗa musu komai, bai rage ba. Baffa Barau ya tafa hannu ya yi salati, sannan ya rage murya ya ce, "Maganar nan kada ta fita zauren nan. Ka ce wa mutane an ƙara wa kowa shekara guda, ko ka ce ciwo ka yi. Wa zai je ya bincika? Gidan nan yanzu ne aka fara ganin girmansa."

Hambali ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. In na faɗi wannan yau, gobe sai na nemo wata ƙaryar da zan tokare ta da ita. Ba zan iya ɗauka ba."

Washegari Hambali da mahaifinsa suna fadama suna ɓare wa rake ganye, sai Malam Sambo ya ce, "Ka yi ha'inci ne aka kama ka?"

"A'a, Baba."

"Wasa ka tsaya yi?"

"A'a, Baba. Kaina ne bai ɗauka ba."

Tsoho ya ci gaba da aikinsa, can ya ce, "Akwai shekarar da ruwa ya cinye min raken nan kaf, kana goye. Ban sayar da gonar ba. Ka koma, Allah ya yi maka albarka."

Da yamma Hambali ya bi ta majalisar ƙofar masallaci. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Soja, saura yaushe mu ga anini a kafaɗa?"

Ya ce, "An ƙara min shekara guda. Na faɗi jarrabawa."

Wasu suka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wasu kuwa ko kwana bai sha ba ya jiyo dariyarsu. Kun san halinmu. Ranar komawarsa babu rakiya, babu dakuwa. Mahaifinsa kaɗai ya taka masa zuwa tasha.

Ya koma. A cikin tsofaffin 'yan ajinsu akwai amininsa, Zailani, wanda suka yi shekara biyu gadonsu na jere. Yanzu Zailani ne aka ɗora a kan sabon ajin Hambali. Don kada a ce yana fifita abokinsa, sai ya fi matsa masa a kan kowa. Ranar farko ma ya dubi takalminsa ya ce bai sha mai ba, ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban yaran da bara suke ƙame masa. Hambali ya yi, ya miƙe, ya sara, ya ce, "Na gode, yallaɓai." Ba da gatse ba. Ya koma layi.

Yanzu ku ji abin da ya fi wannan wuya. A sabon ajin akwai wani ɗalibi, Istifanus, siririn yaro mai kaifin kai, wanda lissafi yake masa kamar shan ruwa. Bara Hambali ne ke ba shi umarni. Sai ga Hambali ya same shi da littafi a hannu. Istifanus ya zabura ya miƙe ya ƙame, don sabo.

Hambali ya ce, "Zauna, ai yanzu ɗaya muke. Alfarma na zo nema. Ina so ka koya min lissafi, daga tushe."

Istifanus ya ce, "Daga tushe kamar ina?"

Ya ce, "Daga inda ake fara wa 'yan firamare. In ka ga ban gane ba kada ka ji nauyina, ka maimaita."

Haka suka yi ta yi. Duk ɗan sararin da aka samu, kana ganinsu a gindin bishiya, babba yana tambaya, ƙarami yana gyara masa. Wasu na wucewa suna yi musu ba'a. Shi kuma Istifanus ashe gudu da kaya ne ke neman kayar da shi, sai Hambali ya riƙa tsayawa kusa da shi a hanya, yana nuna masa yadda ake ɗaure jaka da yadda ake ajiye numfashi. Kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri da abin da Allah ya hore masa.

Jarrabawa ta matso. Hambali ya san ya ƙaru, amma taswira har yanzu tana yi masa gardama, kuma ya san wannan karon babu maimaici. Wata rana bayan la'asar Zailani ya ja shi gefe, inda babu kowa, ya ce, "Ajiye yallaɓai, ni ne Zailaninka. Na matsa maka, kuma raina bai so ba. Ina so in rama maka. Akwai hanyar da zan samo maka tambayoyin taswira kafin ranar. Babu wanda zai sani."

Jama'a, nan ne fa wurin. Duk abin da ya wuce, share fage ne. Hambali ya tuna tsohon nan shi kaɗai a tasha. Ya tuna dariyar majalisa. Ya san in ya koma gida karo na biyu da jakarsa, ba Baffa Barau kaɗai zai kasa haɗa ido da mutane ba. Zuciya ta ce masa karɓi, ai ka sha wahala, ai ka cancanta.

Sai ya ce, "Zailani, na gode da ka damu da ni, Allah ya bar zumunci. Amma gaya min, in na ci da tambayoyin sata, ranar da aka ba ni 'ya'yan mutane in shiga daji da su, wa zai sato min hanya?"

Zailani ya ce, "In ka faɗi fa?"

Ya ce, "Sai in koma noman rake. Can na san ba zan ɓatar da ɗan kowa ba."

Kunya ta kama Zailani. Can ya ce, "To ka riƙa zuwa ranar hutu, mu shiga bayan bariki da taswira da kamfas mai nuna gabas da yamma. In ajiye ka a wuri, ka nemo hanyarka da kanka, har sai ka iya."

Hambali ya ce, "Wannan na karɓa hannu biyu."

Aka yi jarrabawa. Ya ci. Ba shi ne na ɗaya ba, ba kuma kusa da na ɗaya ba, a tsakiya ya fito. Amma nasa ne, halal ɗinsa. Da ya ga sunansa, nan take ya kai goshinsa ƙasa. Daga nan ya nemi Istifanus da Zailani, ya yi musu godiya har suka ce ya isa haka.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce daga baya ya zama janar, waɗanda suka yi masa dariya suka zo suna durƙusa masa. A'a. Ban zo in yi muku ƙari ba. Abokansa na farko sun ci gaba da kasancewa gabansa da shekara guda har ƙarshen aiki, kuma a manjo ya yi ritaya. Amma ga abin da ya faru yana kyaftin. Aka tura shi da sojojinsa wani yanki mai nisa da damina, inda kogi ya cika ya karya gada, ya rutsa da mutanen wasu ƙauyuka. Suna can sai na'urar sadarwarsu ta mutu, hanyar da suka biyo kuma ruwa ya shanye ta. Ga tsofaffi, ga masu ciki, ga jarirai, ruwa na ƙaruwa. Hambali ya shimfiɗa taswira a kan gwiwarsa, ya karanta inda tudu yake da inda kwari yake, ya ce a biyo shi. Ya bi da su ta kan tudu, inda babu ko turbar ƙafa, har suka fita bakin titi. Ko rai ɗaya ba a rasa ba.

Da aka zo ana yaba masa sai ya ce, "Ku taya ni gode wa Allah da ya kayar da ni a jarrabawar farko. Da na tsallake ta da kyar, da na fito da anini a kafaɗa ban iya karatun nan ba, kuma da yau ne za a gane."

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Komawa baya ba ƙarshen mutum ba ne. Abin da ke ƙarar da mutum shi ne girman kan da zai hana shi komawa, da ƙaryar da zai rufe faɗuwarsa da ita. Wanda ya gode wa Allah a kan ƙofar da ta rage, ya sunkuyar da kai ya koya ko daga na ƙasa da shi, ya ƙi hanyar ha'inci alhali yana cikin matsi, wannan bai yi asara ba, ko da an riga shi isa.

A cikinmu nan akwai uban da ɗansa ya faɗi jarrabawa bana, tun ran nan bai sakar masa fuska ba. Malam, yau in ka koma gida ka kira shi, ka tambaye shi a hankali, ka sa masa albarka ya sake zama. Akwai saurayin da ya bar wurin koyon sana'a don an yaye ƙannensa an bar shi. Gobe da safe ka koma ka gaida maigidanka. Akwai kuma mai furfurar da ya ajiye karatu tun yana yaro, yana so ya dawo, amma yana jin nauyin a gan shi yana haɗa baƙi kusa da sa'o'in jikokinsa. Baba, tabarmar nan tana da faɗi, kuma bayan sallar asuba muke farawa.

Allah ya ba mu zuciyar da za ta gode masa a ranar da aka ɗaga mu da ranar da aka mayar da mu baya. Ku ce amin.