Dalilin da Ya Sa Kulɓar Rairayi Ba Ta da Ƙafa

Dalilin da ya sa kulɓar rairayi ba ta da ƙafa ko ɗaya, ku matso ku ji, tunda jiya kun tono ta a gindin suri kuka watse kuna ihun maciji.

A zamanin da, ƙananan halittu suna cire ƙafafunsu kamar yadda muke tuɓe takalmi. In za a shiga zauren manya, sai kowa ya ajiye nasa a bakin ƙofa, ya ja ciki ya hau tabarma.

A lokacin nan Kulɓa amarya ce a gidan Malam Damo, tana auren ɗansa Ƙadangare. Yarinya ce mai tsananin kunya. Ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba, balle ta yi magana a gabansa. Burinta kawai dangin miji su riƙe ta a matsayin tasu.

Wata rana aka yi taron suna a gidan. Kulɓa ta jera ƙafafunta huɗu a jikin bango, ta shiga ta rakuɓe a lungu. Can sai ga Shanshani ya iso a makare, yana haki. Ya tuɓe nasa, ya jibge su a kan nata, don ba shi da haƙurin jerawa. Ana shafa addu'a ya riga kowa fita, ya kwashi tulin gaba ɗaya ya maƙala a jikinsa, ya yi gaba.

Da baƙi suka watse, Kulɓa ta leƙa bakin ƙofa, ta ga wayam. Uwar mijinta Guza ta ce, "Amarya, tashi ki kawo wa Malam ruwa."

Kulɓa ta ce "To," ta sunkuyar da kai, ba ta motsa ba. Ta yaya za ta yi zancen ƙafafunta a gaban suruki?

Tsaka, ƙanwar mijinta, ta kwashe da dariya. "Matar Yaya, ko tuwon suna ne ya danne ki? Na ga loma uku kika yi, amma kowace ta kai kan Hawainiya."

Guza ta sake cewa, "Ruwan fa, 'yar nan."

Kunya ta ishi Kulɓa. Ta dubi rairayin da aka shimfiɗa a zauren, ta kafa hanci a ciki, ta murɗa jiki. Kafin Tsaka ta rufe baki, amarya ta nutse.

A ƙarƙashin ƙasa ta tarar da sanyi mai daɗi, ga gara ko'ina. Ta yi ta tafiya har ta ɓullo a bayan rumbu, jikinta sumul yana sheƙi. Tsaka ce ta fara ganinta.

"Maciji! Jama'a, maciji a bayan rumbu!"

Mutanen gida suka fito da sanduna. Gamsheƙa, wadda ke wucewa ta bakin danga, ta ɗago kai ta ce, "Kada wanda ya taɓa ta. Duk mai jan ciki tamu ce. Taho mu tafi gida, ƙanwata."

Kulɓa ta rasa inda za ta sa kanta. In ta yi shiru, ko dai ta sha sanda, ko ta ƙare rayuwarta cikin macizai. In kuma za ta yi magana, ga suruki tsaye.

Malam Damo bai ɗaga sanda ba. Ya zagaya ta a hankali, sannan ya ce, "A dakata. Harshen maciji a rabe yake gida biyu. Baiwar Allah, fito da naki mu gani."

Gwalo a gaban suruki! Kulɓa ta ƙara cusa kai cikin ƙasa.

Gamsheƙa ta ce, "Kun gani? Tana ɓoye shi ne don irin namu ne."

Ƙadangare ya matso yana gyaɗa kai. "Baba, wannan sunkuyon na san shi." Ya kama jelarta zai jawo ta, sai jelar ta gutsure a hannunsa tana ta wutsil-wutsil.

Guza ta tafa hannu. "Af! Wane maciji ne ke sakin jela? Wannan ai gadon danginmu ne."

Tsaka ta duƙa ta kai kunne. Kulɓa ta raɗa mata abin da ya faru, Tsaka kuwa ta faɗe shi da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Malam Damo ya juya baya don kada a ga yana dariya, ya ce, "Gamsheƙa, a sauka lafiya. Yarinyar nan tamu ce, da ƙafa ko babu."

Aka aika aka kira Shanshani. Ya zo ya miƙe a tsakar gida ya ce, "Wallahi ban san adadin ƙafafuna ba, kullum gani nake kamar sun ƙaru. Ta zo ta duba ta zaɓi nata."

Kulɓa ta dubi layin ƙafafun nan, duk sun zama iri ɗaya. A ce ta tsaya tana lalube ƙafar namiji ɗaya bayan ɗaya a gaban surukai? Ta sake raɗa wa Tsaka magana.

Tsaka ta ce, "Wai ta bar masa. Wai zama a cikin ƙasa ya fi mata, ba sai ta riƙa durƙuso sau goma a yini ba in ta haɗu da Baba. Kuma ta ce garar da ke cin rumbu, a bar ta da ita."

Malam Damo ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Daga cikin rairayi aka ji wata 'yar murya ta ce, "Amin."

Shi ya sa har yau 'ya'yanta da jikokinta ba su da ƙafa, suna zaune a ƙarƙashin rairayi suna cin gara, idanunsu ma sun ƙanƙance don rashin ganin rana. Da wuya mutum ya gan su, domin da an tono su sai su sake nutsewa. In kun ƙara cin karo da ita, ku ajiye sanda. Ba ta da dafi, 'yar gidan ƙadangaru ce. Ku mayar mata da ƙasarta ku kau da ido, kunyarku take ji.