Keken Ɗayyaba

Ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama, ga ta nan gare ku.

An yi wata ɗaliba a sakandare mai suna Ɗayyaba, wadda ko shagon bakin layi aka aike ta sai ta nemi adaidaita. Daga aji sai gado, waya a hannu. Idan ta hau bene, haki take kamar an koro ta. Ana nan sai makaranta ta sa gasar gudu, kyautar kuwa sabon keke.

Ƙawarta Lantana, mai bakin tsiya, ta dube ta a gaban 'yan aji ta ce, "Ke buhun gero, a rubuta sunanki ko a kawo baro a tura ki?" Aji ya kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebi Ɗayyaba, ta je ta ba da sunanta. Ba don wannan gori ba, da ko kallon takardar ba ta yi ba.

Washegari ta fara nadama. Sai wata ƙawarta Asabe, wadda kullum a ƙafa take zuwa makaranta, ta ɗauki abin a kanta. Wata biyu cur tana buga mata ƙofa da sassafe, su tafi a ƙasa, su dawo da gudu. Ranar da Ɗayyaba ta ce ƙafa na ciwo, Asabe ta ce, "Tashi, ƙawa, in ƙafa ta ƙi, ba sai mu tafi da ka ba?"

Ranar gasa, Ɗayyaba ta yi gudu na kirki, amma dab da ƙarshe numfashi ya ƙare, biyu suka wuce ta. Wata ƙawarta Ige, wadda ta san ba abin da Ɗayyaba ke tsoro kamar kare, ta kurma ihu daga gefen fili: "Ɗayyaba, kare a bayanki!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta wuce su fit, ta wuce layi, sai da malamai suka tare ta a bakin katanga. Ƙarya ce, kuma ni ba na ɗaure wa ƙarya gindi, amma abin da ya faru ke nan.

Da aka miƙo keke, Ɗayyaba ta ce ita yanzu ƙafarta ta ishe ta, ɗaya daga cikin ƙawayen nan uku za ta ba. Kowacce ta kama ƙarfe ta riƙe.

To, kada ku yi mini shiru. Mai gori, mai buga ƙofa, ko mai ihun kare, wacce za ta hau keken nan?