Kabar-giwar Inna Barakatu

Jama'ar wannan shafi, yau labarin da na zo da shi ba na dariya ba ne. Ni kaina duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Akwai wani manomi mai suna Jibirin, a wani ƙauyen Hausawa da ke ƙasar Jazira ta Sudan, wajen shekarar 1964. Yana da hawasha, wato gonar auduga da hukuma ke ba manomi, mai shan ruwan madatsar Makwar. Tun ranar da mufattish, jami'in da ke duba gonaki, ya yabi audugarsa a gaban mutane, Jibirin ya daina jin maganar kowa. Ko gaisuwa ce sai ya ga dama yake amsawa.

Mahaifiyarsa, Inna Barakatu, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Abu ɗaya take ji da shi a duniya: wata kabar-giwa a tsohon kasko, shukar nan mai kaurin ganye da ruwa mai ɗaci. Uwarta ce ta ɗauko tushenta daga ƙasar Sakkwato cikin fasasshiyar ƙwarya, lokacin da suka taho gabas a ƙafa Inna tana yarinya. Uwar ta rasu a hanya, ba wanda ya san inda kabarinta yake. Shukar ce kaɗai ta iso tare da Inna.

Da ruwanta Inna ke shafa wa wanda ya ƙone, da shi ta yaye 'ya'yanta. Kowace safiya sai ta lallaɓa ta je ta shafa ganyen.

Wata rana ta ji hannunta na danƙo. Ta kira maƙwabciyarta Ma'u, wata bazawara da ke tsinkar auduga a gonar Jibirin. Ma'u ta duƙa ta buɗa tsakanin ganyen, sai ga ƙwari farare sun cunkushe kamar ɓurɓushin auduga, kiyashi na ta hawa da sauka a kansu.

Ta ce, "Inna, abin bai yi nisa ba. Mu ɗauke kaskon mu kai inda iska ka shiga. A jiƙa tsumma da ruwan sabulu a goge su ɗai-ɗai, a zuba toka a gindi saboda kiyashin, don su ka kiwon ƙwarin. Kuma a bar ba ta ruwa. Bayan kwana ukku a sake, har sati huɗu."

Jibirin na shigowa ya ji ƙarshen maganar. Ya tuntsire da dariya.

"Sati huɗu? Ke Ma'u, ni da ka kashe ƙwarin hawasha guda, tsumma za ki koya mini? Halas, magana ta ƙare, gobe war haka babu ko ɗaya."

Ma'u ta ce, "Yallaɓai, wagga ba auduga ba ce. Ganyenta ruwa ne zalla, ba ta ɗaukar magani mai ƙarhi."

Ya ce, "Tai ki tsinki abin da anka sa ki."

Inna ta riƙo gefen rigarsa. "Jibirin, ka bar ta ta goge mini. Ni ban gaggawa."

Bai ko waiwaya ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, jama'a.

Washegari da rana tsaka ya zo da ragowar maganin feshin auduga a gwangwani. Bai sirka shi da ruwa ba, sai ma ya ƙara kananzir, wai don ya fi ci. Ya kwarara a kan uwar shukar da 'yan ƙananan da suka tsiro a gefenta, bai bar ko ɗaya ba. Ƙwarin kam sun mutu, ya yi ta kiran mutane su zo su gani.

Kwana biyu ganyen suka yi baƙi-baƙi suka lanƙwashe. Tsoro ya kama shi. Maimakon ya nemi Ma'u, sai ya yi abin da ya iya: idan auduga ta yi yaushi ruwa ake sakar mata. Safe da yamma yana ɗebo ruwan tur'a, wato magudanar gona, yana cika kaskon.

A rana ta tara Inna ta kai hannu, sai ganyen ya biyo hannunta. Gindin ya ruɓe, wari na tashi. Ma'u ta tone ƙasar da yatsu har ƙasan kasko tana neman ko 'yar saiwa mai rai. Babu.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta dai zauna a wurin har la'asar, hannunta cikin ruɓaɓɓiyar ƙasar.

Jibirin ya bar gonarsa ya tafi garin Mai Wurno, ya ƙetare kogi har kasuwar garin Rufa'a, ya samo wata kabar-giwar koriya shar. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Inna, ga ta. Iri ɗaya ce, ta ma hi waccan girma."

Ta shafa ganyen a hankali, sannan ta janye hannunta.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Amma wagga ba ta san uwata ba."

Daga ranar ba ta ƙara fitowa da safe ba. Ta rasu kafin a gama tsinkar audugar shekarar, kuma Jibirin bai taɓa samun bakin ce mata ta yafe masa ba.

Darasi: Gwanintarka a abu ɗaya ba ta sa ka san komai ba. Ka saurari wanda kake gani bai kai ba, kuma ka yi haƙuri da gyaran da ke tafiya sannu, domin akwai ɓarnar da nadama ba ta mayar da ita. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya saurara tun abin da ke hannunsa yana da rai.