Tsibirin Duwaiya da Hukuncin Alƙali Ɗalhatu

An yi wani sarki a Birnin Dumsai, yamma da wani tafki wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, sunansa Zubairu. Allah ya ba shi dukiya da runduna, amma ya rage masa haƙuri, har fadawansa kan yi sallama da iyalinsu kafin su shiga gabansa.

A tsakiyar tafkin akwai wani dutse wanda kakanni suka yi ittifaƙi shi ne iyaka tsakanin Dumsai da Karkarai, ƙasar da ke gabas. Kusa da dutsen nan, tafiyar kwana uku a kwalekwale daga Dumsai, akwai tsibirin Duwaiya, mai gidajen masunta kamar arba'in. Dumsai na da tsohuwar takarda mai cewa tsibirin yana yamma da dutse, Karkarai na da tata mai cewa yana gabas, kowane sarki yana rantsuwa ɗan'uwansa ne maƙaryaci.

Da abin ya ishi Sarki Zubairu, sai ya sa aka sassaƙa jiragen yaƙi ɗari, ya ce zai kori masuntan ya zuba dakaru. Sai dai yana gudun a kira shi azzalumi, saboda haka ya kira alƙalinsa, Malam Ɗalhatu, ya ce, "Alƙali, tafi ka gani da idonka, ka dawo kafin wata ya tsaya, ka yanke hukunci a gaban jama'a. Ina fata za ka ga gaskiyar da wanda ka gada ya kasa gani."

Tsohon alƙalin da Malam Ɗalhatu ya gada kuwa shekararsa huɗu a kurkukun bayan fada, daga zauren shari'a ana jin tarinsa. Malam Ɗalhatu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tashi ya fita.

To, ku da kuka san malamai, kun san ilimi daban, ƙarfin zuciya daban. Malam Ɗalhatu ya sha littattafan fiƙihu, amma ko rafi bai taɓa tsallakawa ba sai da salati. Kwana uku ya yi a kwalekwale yana riƙe da gefensa da hannu biyu, bakinsa bai huta da "Hasbunallahu" ba. Da suka iso dutsen iyaka, sai ya ga tsibirin yana yamma ƙarara. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ransa, kaina ya tsira.

Yana taka tsibirin sai ya ji ƙasa ta lotsa, tana rawa ƙarƙashinsa. Ya ce, "Innalillahi!" ya tsuguna. Mutane suka fito suka yi cirko-cirko, mata sun ɓoye 'ya'yansu a bayan zane, domin labarin jiragen nan ɗari ya riga shi isowa. Wata tsohuwa mai suna Hurera, wadda ita ce babbarsu, ta kama hannunsa ta ce, "Tashi, Malam, ba za ta cinye ka ba. Jiya muka yi mata shimfiɗa."

Ya ce, "Iya, wace irin shimfiɗa ake yi wa ƙasa?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, nan babu ƙasa. Kacalla ce, ciyawar ruwa, kakanninmu suka saƙa ta bisa ruwa. Ƙasanta na ruɓewa kullum, mu kuma muna yanko sabuwa mu ɗaure a sama, kowane gida da nasa yanki. Da rani iska ta turo mu yamma da dutse, da damina ta mai da mu gabas."

Ta kai shi wani wuri inda baƙin ruwa ya buɗe baki tsakanin bukkoki, ta zura gora mai tsawon mutum uku, ba ta taɓa komai ba. Ta ce, "Nan gidan ƙanena yake. Ciwo ya kwantar da su damina ɗaya tak, ba su yi shimfiɗa ba. Da ƙyar muka fid da su."

Malam Ɗalhatu ya dubi ramin. Ya ce, "Ku, wane sarki kuke so?"

Hurera ta dube shi, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Tun da nake, kai ne na farko da ya tambaya. Amma ni kaɗai ban isa in amsa ba."

Ya bi gida gida yana tambaya, amsa ɗaya ce: su gaida kowane sarki, su sayar da kifi a kowace kasuwa, amma a bar su su riƙe kansu.

A hanyar komowa Shaiɗan ya zauna kusa da shi a kwalekwale, yana cewa, ai idan ka ce ka ga tsibiri yamma da dutse, ba ka yi ƙarya ba. Wallahi ya kusa yarda. Abin da ya hana shi sakat shi ne ramin nan, da matan da suka ɓoye 'ya'yansu.

Ranar hukunci fada ta cika maƙil. Malam Ɗalhatu ya tsaya gaban sarki, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, takardarmu gaskiya ce, ta Karkarai ma gaskiya ce. Tsibirin yawo yake yi, rani a wajenmu, damina a wajensu."

Fuskar sarki ta rine. Sarkin dogarai ya matso har alƙali yana jin numfashinsa a ƙeya. Sarki ya ce, "Wasa na aike ka?"

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izinin tambaya ɗaya kafin a tafi da ni. Mace ta saƙa tabarma, iska ta ɗauke ta ta jefa gidan maƙwabci. Ta wa ce?"

Sarki ya ce, "Ta mai saƙa ce. Wannan ko yaro ya sani."

Alƙali ya ce, "To, sarki ya yanke hukunci da bakinsa. Duwaiya tabarma ce, masu ita suna saƙa ta tun kakanni, hukuncina kuwa tasu ce. In aka kore su, dakarunka ba su iya shimfiɗa ba, kafin damina ta ƙare ruwa zai haɗiye su da tutarka. In kuma aka riƙe su da ƙarfi, hannu mai jin tsoro ba ya ƙulli mai ƙarfi."

Sarki ya sunkuyar da kai har aka yi kiran azahar, alƙali na tsaye yana kalmar shahada a ɓoye. Can sarki ya ɗago ya ce, "Na nemi a ba ni tsibiri, an ba ni gaskiya, kuma tana da ɗaci." Ya yi umarni a mai da jiragen na fatauci, a rubuta wa Sarkin Karkarai cewa Dumsai ta janye hannunta in shi ma zai janye, kuma a aika wa mutanen Duwaiya su riƙe abinsu. Sa'an nan ya cire alkyabbarsa ya yafa wa alƙali.

Malam Ɗalhatu ya durƙusa zai yi godiya, sai ƙafafunsa suka ƙi tashi, dogarai biyu suka tallabe shi zuwa gida. Sarkin Karkarai, wanda shi ma jiragen nan sun hana shi barci, ya amsa da na'am.

Shi ya sa masu hikima suka ce, sarki yana iya mallakar ruwa da takobi, amma ba ya mallakar mutane sai da yardarsu, kuma adalci ba ya tsayuwa sai an sami wanda zai faɗi gaskiya yana rawar jiki.